Hannun Bahago a Bangon Inna

Sana'ata ta farko a Funtuwa ita ce sa wa buhuna alama. Idan kaka ta yi, masara da dawa da auduga suka cika kasuwa, kowane ɗan kasuwa yana so a gane buhunsa idan an loda shi a mota ɗaya da na wasu. Sai in sami kwali, ko in baje gwangwani, in yanke haruffan mutum a jiki, in ɗora a kan buhu in goga fenti. Abin da aka yanke ɗin muna ce masa tambari. Karatuna bai wuce firamare ba, amma haruffa dai na san su, kuma hannuna ba ya rawa. Wannan ɗan abin ya sa na ɗauki kaina wani babba, Allah ya yafe mini.

Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Bakori da Ɗanja. Can mahaifiyata take, wadda muke kira Inna, tare da matata da yaranmu. Ni kuwa sai ƙarshen mako nake shiga bas in koma.

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Ko ina tsaye a gabanta sai ta juya wajen matata ta ce, "Ke, gaya wa mutumin naki tuwonsa yana hucewa."

Matata ta juyo ta ce, "Malam, an ce tuwonka yana hucewa."

Ni kuma in ce, "A ce mata na ji."

Kafin in yi aure kaji take gaya wa. Tana watsa musu tsaba tana cewa wani ya bar garma a rana, kuma ya san kansa. Haka na tashi, ban taɓa jin abin ya dame ni ba.

Mahaifina magini ne, kuma ya rasu tun kafin wannan labarin. Shi ya gina wa Inna ɗakinta da hannunsa a shekarar da ta tare, kewayayyen ɗaki na ƙasa da jinka a kai. A ciki, daidai tsayin ƙirjin mutum, ya bi bangon da zane tun ƙasar tana ɗanya. Da yatsu ya yi shi. Reshe ne ɗan lanƙwasasshe mai ƙulli uku, irin ƙullin auduga kafin ya fashe, sannan wani reshen ya biyo baya, haka har ya zagaye ɗakin ya dawo bakin ƙofa. Ya shafe zanen da jar ƙasa. Tun ina yaro nake ganinsa har na daina ganinsa.

Wata damina mai ruwa da yawa bangon gabas ya tsage, tsagar da mutum zai iya zura hannu a ciki. Gara kuma ta shiga gindin ginin. Da rani ya yi sai na gina wa Inna sabon ɗaki na bulo da siminti, na rufa shi da kwano. Ban tambaye ta ba. Na gaya wa kaina don lafiyarta na yi, kuma akwai wannan a ciki, amma akwai kuma son masu zuwa rijiya su hango kwano yana ƙyalli a gidanmu su ce wane ya yi ƙoƙari.

Da aka gama ta leƙa daga bakin ƙofa, ta dubi sama ta dubi ƙasa, ta ce wa matata, "Ɗaki ya yi kyau. A zuba masara."

Ta koma tsohon ɗakinta.

Na yi lallashi, na turo ƙanwarta, na turo limamin garinmu. Kowa ta karɓe shi da fara'a ta ba shi ruwa, ta ce ta ji. Har damina ta sake kamawa tana nan. Duk hadarin da ya taso ina Funtuwa sai in kasa aiki, in tsaya ina kallon gabas, ina tunanin tsagar nan da gadonta da ke kusa da ita. Wata rana na dawo na tarar an tokare bangon da itace, raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya a tsakar gida. Ban taɓa yin haka ba, kuma har yau idan na tuna sai na yi istigfari. Ba ta ko ɗago kai daga faifan da take tankaɗe ba. Ta ce, "Gaya masa na ji tsawar da ta fi wannan."

Matata ce ta ja ni gefe. Ta ce, "Malam, kai ɗakin kake gani, ita kuwa bangon take gani. Kullum idan ta idar da sallar asuba sai ta bi zanen nan da hannu tun daga ƙofa har ta dawo. Ka taɓa lura?"

Na ce ban taɓa ba.

Ta ce, "To, kai da kake ɗauko sunan mutum daga takarda ka kai shi buhu, ka kasa ɗauko zane daga bango ka kai shi bango?"

Na ce wannan ai aikin yini ɗaya ne. Na ɗauki gawayi na shiga sabon ɗaki, na zana reshen daga ka, yadda nake tuna shi. Na ja da baya na duba, na ga ya yi. Aka kira Inna. Ta tsaya ta kalla, ta ce, "Wa ya bar yaran nan suka ɓata wa mutane bango?"

Daga nan na gane ba kama take so ba, shi kansa take so. Dole a kwafo layin yadda yatsan ya bi, inda ya yi kauri da inda ya sirance. Kuma hanyar da na sani ɗaya ce, tambari. Sai dai tambarin buhu haruffa ne da nake ƙirƙira a kan kwali. Wannan kuwa sai na ɗora abu a kan zanen ina hangen zanen ta cikinsa. Ke nan abin ya zama garau kamar ruwa. Ya kuma lanƙwasa ya kwanta a jikin kewayayyen bango. Kada ya yi kaurin da reza za ta kasa shi, kada kuma ya yi laushin da zai zube bayan an yanke. Ban san neman irin wannan abin zai ci mini rabin damina ba.

Na fara da takarda. Na shafe ta da man gyaɗa don ta yi haske, kamar yadda muke yi a makaranta idan za mu kwafi taswira. A waje ana ganin hannu ta cikinta, amma a duhun ɗakin Inna ba a ganin komai. Na bar ta a kan randa, kafin la'asar tururuwa sun gama da ita.

Sai ledar cikin buhun taki. A lokacin, takin zamani ya yi yawa a ƙasarmu, kowane gida akwai irin ledar. Garau take, kuma tana bin bango yadda ake so. Na yi murna. Amma da na sa mata reza sai ta riƙa miƙewa tana bin bakin rezar, da na ɗaga ta kuwa reshen ya zubo ya yi tsawo, ƙullin audugar suka koma kamar kuɓewa. Matata ta ɗauka da yatsu biyu ta ce, "Wannan a ba ni in rufe daddawa."

Na koma ɗaya gefen, na yanko cikin farar jarka. Ita kuma ta yi kauri. Haske kawai ke ratsa ta, ba a ganin zane. Na danna ta a bango ta tashi ta buge ni a haɓa. Na dage sai na yanka ta, reza ta karye ta shige mini babban yatsa. Tabon yana nan. Matata tana ɗaure mini da tsumma tana cewa, "Ka ga, ko jarkar ma ba a tambaye ta ba." Na gane inda maganar ta dosa.

A wajen masu gyaran mota na samo tagar roba ta jikin tamfol ɗin wata tsohuwar jif. Rana ta dafa ta har ta yi launin shayi. Duk da haka na ce a gwada. Ina lanƙwasa ta sai ta tsage gida biyu.

Akwai wani Bayarabe a Funtuwa mai rubutu a jikin manyan motoci da allunan shaguna. A garin aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Yana kirana Mai Buhu, ina kiransa Sarkin Fenti, kuma ba ma haɗuwa ba mu taɓa juna ba. Na daɗe ina ƙin zuwa wajensa, don kada ya ce na zo koyo. Da yatsana ya ƙi warkewa da wuri, girman kan ya ragu, na je.

Ya dubi tsumman ya ce, "Mai Buhu, kaciya aka sake yi maka, a hannu?"

Na ce, "Bayarabe bai san kaciya ba sai a bakin mutane. Ka saurara."

Na ba shi labari. Ya daina dariya, ya sa hannu ƙarƙashin benci ya jawo wani falle mai ɗan shuɗi-shuɗi, duk an huda shi da haruffa. Ya ce in riƙe. Na ɗaga shi sama na hango mai rake a tsallaken titi sarai. Na naɗe shi kamar tabarma na saki, ya miƙe ya koma yadda yake. Kaurinsa bai wuce na farce ba. Na ce mene ne wannan?

Ya ce, "Hoton asibiti ne, wanda ake ɗaukar ƙashi. Idan ka jiƙa shi a ruwan ɗumi da sodar sabulu baƙin yana fita, sai ya bar maka wannan. Fenti ba ya jiƙa shi, reza tana tafiya a kansa kamar a kan ganye. Duk abin da ka lissafa yana da shi."

Na ce ya sam mini ɗaya.

Ya ce, "Wannan ma na uwar 'ya'yana ne, kuma har yanzu tana yi mini gori. Je ka roƙi danginka, ka ga yadda ake ji."

Na kuwa gani. Na fara da wani ɗan dako da ya taɓa faɗowa daga kan lodin auduga ya karya ƙafa. Muna mutunci sosai. Da na faɗi buƙatata ya matsa baya ya ce, "Ƙashina zan ba ka? Ko aski aka yi mini ba na barin gashin a ƙasa, sai hoton abin da ke cikin jikina? Gobe in ji ƙafa tana zogi, ka san ƙofar da zan buga." Wata gwaggon matata ta ce nata tuni ta binne shi a bayan ɗaki. Wani kuma ya ce zai duba, daga ranar idan ya hango ni sai ya sake hanya. Na je wani asibiti, wani ma'aikaci ya gaya mini cikin ladabi cewa tsofaffin ba sa zama, akwai masu zuwa su kwashe don azurfar da ke jikinsu.

Duk yawon nan da nake yi na san akwai ɗaya a gidanmu.

Mahaifina bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ko mai hoto ya shigo gari ranar salla sai ya shige gona. Amma a ciwonsa na ƙarshe an kai shi asibiti a Malumfashi, aka ɗauki ƙirjinsa, aka ba mu a cikin babban ambulan mai ruwan ƙasa. Inna ta sa shi a ƙasan akwatinta, ƙarƙashin zannuwa, tana kiransa hoton Malam. Kowace salla sai ta fito da shi, ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga shi wajen rana ta ce wa jikoki, "Ku zo ku gaida kakanku." Yaran su zo suna tsoro suna dariya, su durƙusa wa haƙarƙari. Idan ta ba su suka riƙe, wani lokaci sai ta karɓe ta ce, "Kun juya shi," ta gyara. Ni ban ga bambanci ba. Har na taɓa cewa, a gaban yaran, ai ƙashin kowa haka yake. Ta ce wa matata, "Gaya masa ya dubi kafaɗar nan. Ba kowa ya jefa tubali sama shekara da shekaru ba." Ban duba ba, na yi dariya na fita.

Ban iya buɗe baki na roƙe ta hoton ba. Abin da na yi ya fi roƙon muni. Na ari hanyarta. Na zauna a tsakar gida, daidai inda na san murya tana kaiwa ɗakinta, na shiga ba matata labarin Sarkin Fenti da ƙarfi, yadda abin yake garau, yadda yake lanƙwasa, yadda na zagaye gari kowa ya hana ni. Na ƙare da cewa, "Ga shi nan dai, don rashin falle ɗaya bango zai faɗa wa mutum."

Matata ta dube ni, irin kallon da take yi wa yaro idan ya sa hannu a miyar baƙi. Ta ce a hankali, "Ban ji ba, kuma ba zan isar ba."

Na koma Funtuwa ina jin kunyar kaina.

Da na dawo a makon da ya biyo, aka yi ruwa mai ƙarfi da yamma, da iska daga gabas. Muna cikin zaure muka ji wani abu ya faɗi. Na ruga. Wani ɓangare na bayan bangon ne ya zube, ya fasa tukunyar da ke wajen. Inna tana zaune a bakin gadonta da carbi, ruwa yana bin tsagar yana gangarowa, ya riga ya cinye reshe guda daga cikin zanen. Ba ni take kallo ba, wajen take kallo. Ranar dai ta yarda ta kwana a ɗakin matata.

Da safe ta kira matata, ni kuma ina tsaye a baya. Ambulan ɗin yana kan cinyarta.

Ta ce, "Ranar da aka ɗauki wannan, tari yake yi. Da ƙyar ya iya tsayawa, sai da aka riƙe shi. Na bangon kuwa, yana yi yana tsokanata, wai in na ƙi gidan zai kwashe zanensa ya kai wa wata." Ta ɗan yi murmushi. "Wannan na ciwonsa ne, wancan na lafiyarsa. Gaya wa mutumin naki ya ɗauka."

Na ce, "A ce mata a bari, zan ƙara nema."

Ta ce, "Gaya masa ruwa ba zai jira nemansa ba. Amma ba shi zai wanke ba. Ni na saba wanke wa Malam kaya."

Matata ta ɗora ruwa ya yi ɗumi, ta zuba a daro, ta jefa 'yar sodar da take yin sabulu da ita. Inna ta ɗaga hoton wajen rana ta daɗe tana kallo, ta yi bisimilla ta nutsa shi. Can baƙin ya fara sakin jiki, yana tashi kamar yanar koko. Ta sa tsumma tana gogawa a hankali, gaba da baya, kamar mai wanke wa jariri kai. Haƙarƙarin suka tafi ɗaya bayan ɗaya, kafaɗar ce ta ƙarshe. Ta ɗauraye, ta miƙa wa matata fallen garau. Baƙin ruwan kuwa ba ta bari an zubar a kwata ba. Ta ɗauki daron da kanta ta kai gindin bangon ɗakinta ta tsiyaye.

Na zaɓi reshen da ke saman gadonta, don shi ne ruwa bai taɓa ba. Fallen ya kwanta a bangon lumui, kamar don shi aka yi. Ɗakin da duhu, sai matata ta tsaya a ƙofa da madubi tana turo mini hasken rana. Biro ba ya kama jikinsa, saboda haka da bakin basilla na riƙa bin layin ina karcewa. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. A cikin kowane ƙulli akwai shatin babban yatsan mahaifina, har da layukan fatar. Na sa nawa yatsan a ciki, shatin ya yi masa yawa.

Na kai fallen kan katako na yanke da sabuwar reza. Sarkin Fenti bai yi ƙarya ba, rezar tana tafiya ba gardama, ba ya miƙewa kuma ba ya tsagewa. Na bar 'yan gadoji a wurare, wato siraran wuraren da ba a yankewa don su riƙe tsakiyar zanen kada ta faɗo. Na ɗauraye shi na shanya a igiya. Inna ta ce ba ta son warin fenti, don haka muka dama jar ƙasa da ƙaro.

Washegari na shiga sabon ɗaki. In ɗora, in danna da soso, in ɗaga, in matsa gaba. Wuraren gadojin na cike su da yatsa. Kafin azahar na zagaye ɗakin. Na tsaya a tsakiya ina jujjuyawa, na ce a raina wannan ma ya fi na asalin daidaita, reshen ya fi kwanta wa ido. Na aika a kira Inna, na gyara tsayuwa.

Ta shigo, matata na biye. Ta tsaya. Ta matsa jikin bango ta ɗora hannu, ta fara bin reshen kamar yadda ta saba, sai hannun ya tsaya. Ta sake gwadawa. Sannan ta juyo, ta dube ni cikin ido, ta ce:

"Wannan hannun dama ne. Ubanka bahago ne."

Kuskuren na gane shi nan take. Kwali yana da gaba da baya, rubutun kamfani yana gaya maka. Wannan kuwa ko ta ina ka duba iri ɗaya ne. Da na ɗauko shi daga igiya sai na ɗora shi ta yadda ya yi wa idona daɗi, idon mai hannun dama. A tsohon ɗaki rassan suna karkata wajen gado, nawa duk sun nufi ƙofa. Amma ba wannan ya fi taɓa ni ba. Ina da 'ya'ya, gemuna ya fara cika, kuma ranar ce na fara jin mahaifiyata ta yi magana da ni, ba kaza ba matata a tsakani.

Ita ma ta farga. Ta yi sauri ta juya wajen matata ta ce, "Gaya masa."

Matata ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa don dariya. Da ƙyar ta ce, "Malam, an ce Baba bahago ne."

Na ce, "A ce mata na ji."

Muka wanke bangon, ƙaro ba ya gardama da ruwa. Inda jan ya kama siminti muka bi da farar ƙasa muka jira ta bushe. Inna ta karɓi tambarin, ta juya shi sau ɗaya ta gane fuskarsa, ta huda kusurwar hagu ta sama da allura ta ɗaura jan zare. Ta ce wa matata zaren ya kasance a hagu, kuma a gaya wa mai ilmin boko hagu ita ce wadda ba a cin tuwo da ita. Na sake zagaye ɗakin. Wannan karon ban tsaya a tsakiya ina jujjuyawa ba, na fita waje na zauna a kan turmi.

Ta daɗe a ciki. Da ta fito ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Ta ce wa matata, "Ki kama mini akwatin nan, gadon kuma a sa shi ta gabas."

Ta yi ƙorafin kwanon har ƙarshen rayuwarta. Ta ce idan ana ruwa kamar ana casa a kanta. Na sa aka yi mata rufin zana daga ciki, ta ce yanzu kamar ana casa a gidan maƙwabta. Tsohon ɗakin kuwa, da na rantse ba zai ga ƙarshen daminar ba, ya ƙi faɗuwa. Muka sa awaki a ciki, suka yi shekaru suna haihuwa a ƙarƙashin zanen mahaifina. Duk sanda na dawo daga Funtuwa sai Inna ta ce, "Gaya masa awaki suna gaishe shi, sun ce ɗaki lafiya lau."

Matan maƙwabta sun zo sun ga bangon, wasu suka ce a ara musu tambarin su yi a nasu ɗakunan. Ni har na fara tunanin wata sabuwar sana'a. Inna ta ce ba a aron miji. Ta wanke shi, ta goge, ta mayar da shi cikin ambulan ɗinsa, ƙarƙashin zannuwa.

Da salla ta zo ta fito da shi kamar kullum. Ta tsaya a bakin ƙofar sabon ɗakin ta ɗaga shi wajen rana. Hasken ya bi ta cikin yankan ya zubo a kan tabarma, reshe da ƙulli uku. Ta ce, "Ku zo ku gaida kakanku." Yaran suka zo, ba wanda ya ji tsoro, ƙaramar har tana ƙoƙarin kama hasken da hannu. Inna ta ce wa matata, "Yanzu ma ya fi kama da shi."

Babbar 'yata ta karɓa ta ɗaga don ta gani da kanta. Ina daga gefe ina sa hula, na hango jan zaren ya koma dama. Kafin Inna ta buɗe baki na ce, "Kin juya shi."